Yatsan Baba Dije

Sau ɗaya tak na taɓa ganin an kayar da Dije a faɗa, kuma ba mutum ne ya kayar da ita ba, yatsanta ne.

Wata Laraba ce da hantsi, a gidan yayana marigayi Alhaji Abdulƙadir da ke Nassarawa GRA. Na zo daga Badawa kamar yadda na saba, ina zaune a barandar baya ina shan kunu, sai ga Falalu mai kula da furannin gidan ya tsaya a ƙofar kicin ya riƙe ƙugu. Falalu mutum ne da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, amma ran nan da shirinsa ya zo.

"Baba Dije, almakashina."

"Wane almakashin?"

"Ƙaramin da nake gyara furanni da shi. Kwana uku ina nema. Yanzu na ji ƙararsa a nan ana datsa kaza."

"Ka ji ƙararsa? Sannu mai kunne. Duk almakashin da ke Kano naka ne?"

"Ga shi nan a hannunki, da jan ƙyallen da na ɗaura masa."

Dije ta dubi hannunta, ta ga ƙyallen, ko gezau ba ta yi ba. Ta taso har bakin ƙofa.

"To ni me zan yi da wannan dakusasshen ƙarfen? Taimakonsa na yi, ya san ya taɓa aikin kirki sau ɗaya a rayuwarsa. Ungo tsiyarka!"

Ta yarfa hannu za ta jefa masa. Almakashi bai tafi ba. Babban yatsa ya fita daga zobensa, amma na kusa da shi, wanda ake nuni da shi, ya lanƙwashe a cikin ɗaya zoben ya ƙi miƙewa. Ta sake yarfawa. Almakashi yana ta lilo kamar ɗan kunne.

"Na ce ungo!"

"To saki mana."

"Ai na saki!"

"Baba, bakinki ya saki, hannunki bai saki ba."

Na yi dariya har kunu ya sarƙe ni. Sai da Dije ta sa hannun hagu ta ja yatsan, ya yi ƙas kamar an karya tsinke, sannan almakashi ya faɗo mata a ƙafa. Falalu ya ɗauka, ya goge a riga, ya tafi yana murmushi. Kafin la'asar duk masu gadin layin sun ji cewa hannun Dije da kansa ya ba da shaida a kanta. Sati guda ƙanzo kawai take zuba masa.

Allah ya yafe mini dariyar nan. Da na san abin da ke bayan wannan ƙas ɗin, da na haɗiye kununa na yi shiru.

Bari in gaya muku wace ce Dije, tunda waɗanda ya kamata su sani sun mance.

Shekara talatin da takwas ke nan da zuwanta gidan, daga wani ƙauye a bayan Jahun, da ƙullin kaya ɗaya da jan goro a haƙora. Mijinta ya rasu, ɗan da ta haifa ma ya bi shi bai yi arba'in ba. A lokacin matar yayana, Hajiya Sa'adatu, ta haifi ɗanta na fari Haidar, ga shi tana koyarwa, hutun haihuwa ya ƙare. Aka ce Dije ta riƙe yaron na wata uku kafin a samo ƙwararriya. Ƙwararriyar tana hanya har yau.

Daga raino ta zarce kicin, ba wanda ya ce mata ta shiga, ba kuma wanda ya ce ta fito. Yayana, Allah ya jiƙansa, babban ma'aikacin gwamnati ne, ya ga ƙasashe, ya cika gida da na'urori, sannan ya kafa doka cewa ba zai ci abin da na'ura ta taɓa ba. An sayo injin markaɗe, amma yajinsa sai a turmi. An sayo injin wanki, amma fararen kayansa sai hannu ya cuɗa ya matse. Tuwo kuwa, tukunyar da ake tuƙawa a gidan nan za ta ɗauki yaro ɗan shekara uku a zaune. Da azumi a ƙara da ƙosai da kunun mutanen bakin ƙofa. Hannu nawa ke wannan aikin? Ku ƙirga: na dama da na hagu.

Sai babban abin, ɗanwaken Juma'a. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, abokan Alhaji, tsofaffin sakatarori da alƙalai masu tumbi, za su baje a gindin mangwaron tsakar gida su jira. Kuma dokar gidan ita ce ba a sakin ɗanwake da cokali. Dije za ta ɗebo kwaɓin a tafin hannun dama, ta lanƙwasa yatsan nan, ta turo kwaɓin ta kansa da babban yatsa, ta gutsuro ta jefa a tafasasshen ruwa. Ɗaya bayan ɗaya, kansu ɗaya, ba babba ba ƙarami, da sauri kamar mai jan carbi. Ɗari nawa a zama ɗaya, Allah kaɗai ya sani. Alhaji yakan bugi ƙirji ya ce shi harshensa yana bambance ɗanwaken hannu da na cokali. Mutumin da sau biyu ina zuba masa gishiri a shayi don tsokana bai gane ba! Amma da yake shi ne mai gida, maganar ta zama gaskiya, kuma Dije ta ɗauke ta ta ɗora a ka kamar rawani. Ko ni, in za a faɗi gaskiya, ban taɓa fashin Juma'a ba. Na ci, na siɗe faranti, na tafi da wani a kula. Ban taɓa cewa, Dije, nuna mini hannunki ba.

Ta taɓa fita sau ɗaya. Wani direba a Tudun Wada ya aure ta, muka kai ta da gado da jere. Wata takwas sai ga ta da akwatinta a ka. Wai ya ce miyarta ta yi tsami. Na ce, "Dije, a kan miya za ki kashe aure?" Ta ce, "Gwaggo, alƙalai sun ci ba su ce komai ba, sai mai tuƙa tifa?" Ta ajiye akwati, ta ɗaura zani, ta leƙa tukunya ta fara zagin wadda ta riƙe kicin a bayanta.

Akwai kuma abin da ya faru Haidar yana shekara ɗaya da rabi. Da azumi ne, gab da shan ruwa, an jera dabino a tabarma. Yaron ya rarrafo ya jefa ɗaya a baki, ƙwallon ya tsaya masa a maƙogwaro. Ina wurin. Ya yi tsit, idanu suka firfito, leɓe ya canza launi. Uwarsa ta ɗora hannu a ka tana ihu. Yayana yana zagaye falo yana neman makullin mota, makullin yana hannunsa. Ni kuwa ina ta salati da takalmi ƙafa ɗaya, ba abin da na tsinana. Dije ta fito daga kicin da ƙullun ƙosai a hannu, ta kifa shi a cinya ta bubbuga baya, bai fito ba. Sai ta buɗe bakin ta zura yatsa, ta lanƙwasa shi kamar ƙugiya, ta janyo ƙwallon. Yaron ya gartsa mata cizo har jini. Tabon yana nan, fari, a gaɓar tsakiya.

Ran nan yayana ya ce, a gabana, muddin gidan nan yana tsaye, ɗakin baya na ƙarshe na Dije ne. Mutumin da ya shekara talatin yana sa hannu a takardun gwamnati, har takardar sayen tsintsiya, wannan maganar ɗaya ce bai rubuta ba.

Ita kuma Dije ta hana a gaya wa yaron. Da ya girma ya tambayi tabon, ta ce wuƙa ce. Na ce mata don me? Ta ce, "Ba na son ya riƙa kallona kamar wadda take binsa bashi tun bai yi wayo ba. Ki rantse ba za ki faɗa ba." Na rantse. Bakina da bai taɓa riƙe sirrin kowa ba ya riƙe wannan.

Sa'adatu ta rasu shekara bakwai da suka wuce, yayana ya bi ta bayan shekara uku. Haidar ya dawo gidan da matarsa Nabiha. Ba zan ce Nabiha muguwa ce ba, don mugunta ma tana bukatar mutum ya lura da kai. Ita ba ta lura. Tana sayar da turare da mayafai ta waya, kuma duk abin da aka dafa a gidan sai ta ɗauki hotonsa kafin kowa ya sa hannu, ta watsa wa duniya da sunan girkin gidanmu. 'Ya'yan gidan duka Baba Dije suke cewa. Ita Dije take cewa, gatsal, kamar tare suka yi wasan ƙasa.

Bayan faɗan almakashi na ritsa Dije a ɗakinta na ce buɗe hannun. A gindin yatsan, cikin tafi, akwai ɗan ƙululu kamar ƙwayar wake, in an taɓa ta zabura. Ashe wata biyar ke nan. Kullum da safe a naɗe take samun yatsan, sai ta ja shi da hagu. Ta shafa man zafi, ta sha rubutu, ta daina gaisawa da mai girkin maƙwabta saboda tana zarginta.

"Wata biyar, ba ki gaya wa kowa ba? Ke wace irin tsohuwar banza ce?"

"In gaya wa wa? Gwaggo, mai girkin da hannunta ya mutu ai kaya ce. Ke ma kin sani."

Sannan ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne tahiya. Ta zauna za ta ɗaga yatsa ta yi shahada, ya ƙi tashi.

Na kira Muhibba, ƙanwar Haidar, wadda ita ce ta gaji hankalin uwarsu, muka kai ta asibiti. Likitan ɗan matashi ne mai haƙuri. Ya latsa, ya sa ta dunƙule ta buɗe, ya ji ƙas ɗin. Ya ce jijiyar da ke jan yatsa tana bi ta wata siririyar hanya ce, kamar yadda zariya ke bi ta bakin wando. In aiki ya yi mata yawa sai ta kumbura ta yi ƙulli, ƙullin ya riƙa maƙalewa.

Dije ta ja mayafi ta ce, "Likita, a gaban Gwaggo kake zancen zariyar wando?"

Na ce, "Ƙyale shi, na ga zariya kafin a haifi babansa."

Ya ce za a fara da abin da za ta yi a gida: motsa yatsu a hankali, da hutu na sati shida daga duk aikin damƙa da matsa. In bai yi ba, allura. In allura ba ta yi ba, ƙaramar tiyata. Matar da ta yanka kajin da za su cika filin Idi, da ta ji tiyata sai ta ɓoye hannun a hammata. Aka tura mu wurin masu gashin ƙashi, wata yarinya ta nuna mata yadda za ta yi, ta ce sau da yawa a rana, kada ta yi da ƙarfi, in ya yi zafi ta tsaya.

Dije ba ta duba agogo, don haka ta ɗaura abin a kan salla. Bayan kowace salla sai ta zuba ruwan ɗumi a wani tsohon kwanon sha ta tsoma hannu. In ya yi laushi ta murza ƙululun da babban yatsan hagu. Ta kifa faranti a cinya, ta shimfiɗa tafi a kai, ta ɗaga yatsu ɗaya ɗaya. Ta lanƙwasa kawunansu, ta dunƙule, ta miƙe. Ta taɓa kan kowane yatsa da babban. Na ƙarshe ta zura roba a yatsun biyar ta ware su, ta maido, ta ware. Duk tana yi tana masa faɗa.

"Miƙe, ɗan banza. 'Yan'uwanka huɗu suna aiki kai ka kwanta. Wa ya fi ka cin maiƙo a gidan nan?"

An ce kuma ta riƙa ɗaure shi a miƙe in za ta kwanta. Falalu ne ya fere mata ɗan guntun gora, ya goge shi sumul, ya kawo ya ajiye a bakin taga da jan ƙyallen almakashinsa don ɗauri. Ba ta yi godiya ba. Amma ran nan na ga cinyar kaza a kwanonsa.

Motsa yatsu bai gagara ba. Hutun ne ya gagara, kuma nan ne jinina ya fara hawa. Na sami Haidar na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce, "Ba damuwa, Gwaggo," idonsa a waya. Kwana huɗu na dawo na tarar da ita tsaye a kan tukunya da muciya, tana cije leɓe. Wai an yi baƙi. A gidan nan yaushe ne ba a baƙi? Na fizge muciyar, na aika Badawa aka kawo mini kayana, na tare a ɗakin marigayiya. Muciya da taɓarya na tura su ƙarƙashin gadona. Na ce duk mai son tuwo ya zo ya ɗaga ni. Dije tana zaune a kujera tana ba da umarni, Nabiha tana sayo abinci daga waje tana tsaki, yara suna cin taliya suna murna. Ba wanda ya mutu.

A sati na huɗu abin ya fara kyau. Ta wayi gari yatsan ya buɗe da kansa, ba sai hagu ta taimaka ba. Ƙas ɗin ya koma ɗan motsi kawai. Wata azahar ta fito daga ɗaki tana share ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne. Ba a hura wuta ba. Yatsan ne ya tashi a tahiya.

To a satin ne Nabiha ta shigo kicin tana fara'a, ta ce ta gayyaci ƙawayenta mata arba'in ranar Asabar, su zo su ci ɗanwaken da suke gani a hoto.

Dije ta ce, "To, Allah ya kai mu. Zan kwaɓa, a saki da cokali."

"Cokali kuma? Na gaya musu na hannu ne, irin na da. Har bidiyon hannunki zan ɗauka kina saki."

"Hajiya, sati biyu ya rage mini."

"Yini ɗaya ne fa, Dije. Ba dutse na ce ki fasa ba."

Na ce daga inda nake, "Ga hannunki nan da lalle, 'yar nan. Zo a koya miki, sai a ɗauki bidiyon naki."

Ta juya ta fita. Na san ban kyauta ba, na kuma san zan sake.

Washegari bayan la'asar Dije tana zaune a ƙofar ɗakinta tana abin da ta saba. Robar ta tsinke, sai ta ci gaba ba roba: ta ɗaga hannu, ta ware yatsu biyar, ta maido, ta ware. Ɗakin nata yana kallon tagar kicin. Nabiha tana tsaye a tagar. Kowa ya san abin da ake nufi in an ware wa mutum yatsu biyar a fuska, ko yaron goye ya san uwarsa aka zaga. Sai ihu muka ji.

"Ni za ki yi wa daƙuwa? Ni? Har sau uku?"

Dije ta ce, "Sau goma aka ce in yi, Hajiya, saura bakwai."

Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma ku gaya mini wa zai yarda. Nabiha ta ga Dije tana wannan abin da roba sati huɗu, sau biyar a rana. Ta sani sarai. Dalili take nema, robar ta tsinke ta ba ta.

Ranar Juma'a da yamma, ranar da a da ake baje faranti a gindin mangwaro, Haidar ya tara mu a falo. Shi a kujerar babansa, Nabiha a gefe da ƙyallen share hawaye, ni a tawa kujerar, Dije a kan kafet kusa da ƙofa, inda take zama shekara talatin da takwas. Ya fara da murya mai laushi, irin ta mutanen ofis in za su yanka ka. Ya ce ba maganar daƙuwa ba ce, wannan ya wuce. Ya ce Baba Dije ta yi wa gidan nan hidima, lokaci ya yi da za ta huta a cikin danginta. Mota za ta kai ta har ƙofar gida ranar Lahadi. Zai riƙa aika mata da abinci. An samo mai girki wanda ya yi makarantar girki, kuma yana bukatar ɗaki.

Na ce, "Wane dangin? Gidansu ya rushe tun kana firamare. Ƙaninta ɗaya ya rasu. 'Ya'yansa ko a hanya suka gan ta ba za su gane ta ba. Wurin wa za ka sauke ta, gindin bishiyar kuka?"

"Gwaggo, a bi abin a hankali."

"Hankalin ne ya kawo ni. Ubanka ya ce ɗakin nan nata ne muddin gidan yana tsaye. Ko gidan ya faɗi ne ban ji ba?"

"A ina Baba ya rubuta?"

Kun ji fa. A ina ya rubuta. Yaron da na wanke wa kashi yana tambayata takarda. Na tashi tsaye, gwiwoyina da ba sa son tashi suka tashi. Na gaya masa ita ta goya shi, ita ta kai shi makaranta ranar farko ya riƙe zaninta yana kuka, ita ta wanke uwarsa a jinyar ƙarshe lokacin da shi yake Abuja yana aiko da gaisuwa. Na ce hannun nan a tukunyarku ya lalace, ba a gonar ubanta ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, yana nan a kan harshena yana ƙuna, rantsuwa ta danne shi. Na dubi Dije, ta girgiza mini kai kaɗan.

Haidar ya bar ni na gama. Haka suke yi yanzu, su bar ka ka ƙone sannan su yi magana.

"Duk na ji, Gwaggo, kuma ban musa ba. Amma gidan nan ba asibiti ba ne. Mu faɗa wa juna gaskiya. Shekarunta sittin. Yau yatsa ya miƙe, gobe ya naɗe. Yatsan da ya riga ya lanƙwashe, me zai ƙara yi wa wani?"

Na buɗe baki zan sake magana.

Sai Dije ta dafa ƙasa ta miƙe. Ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar falon nan ba sai da faranti a hannu. Ta tako har gaban kujerar, ta ɗaga hannun dama, ta miƙe yatsan a hankali, ya tafi sumul ba ƙas, ta kai shi daidai hancinsa yadda farin tabon zai kalle shi. Abin da ta faɗa shi ya kashe zancen ƙauye a gidan nan. Motar Lahadi ba ta tashi ba, ɗan makarantar girki bai ga ɗakin ba, ƙawayen Nabiha kuma ɗanwaken cokali suka ci suna santi. Shekara goma sha biyar tana kiransa Alhaji ƙarami. Ran nan ba ta kira shi haka ba.

"Haidaru. Ka ga tabon nan? Ba wuƙa ba ce, haƙoranka ne. A lanƙwashe yatsan nan ya shiga maƙogwaronka ya ciro ƙwallon dabino, kana sanƙarewa, babanka yana neman makullin mota. Ran nan yatsan bai tambaye ka takarda ba. Sati biyu ya rage masa. Zauna ka jira shi."